Gudu da takunkumi a garin ƙura: Wa ya kamata ya ɗaura, wa ya kamata ya cire?

Duk wanda ya taɓa yin sammako a garin Arlit da ke jihar Agadas, musamman a watannin hunturu, ya san cewa tun kafin 'yan kasuwa su buɗe rumfunansu akwai waɗanda suka riga su fitowa. Samari ne majiya ƙarfi, wasu 'yan ƙwallo masu burin wata rana su sa rigar Urana ko ta Akokana, wasu kuma masu shirin jarraba sa'arsu ranar da za a buɗe ɗaukar soja ko jandarma, inda gudu ke cikin abubuwan da ake gwada mutum da su. Idan ka lura da fuskokinsu za ka ga abin ya rabu uku. Wani ya naɗa rawani ya ja amawali, idanu kawai ake gani. Wani ya ɗaura shuɗin takunkumin nan na asibiti da cutar korona ta bar mana gado. Wani kuwa fuskarsa a buɗe take, yana haki yana shaƙar duk abin da iska ta kwaso.

Da rana ta ɗaga kuma, sai wasu masu gudun su karɓa a cikin kasuwa da tasha, duk da cewa su ba su kiran abin da suke yi motsa jiki. Akwai ɗan dako da ke sauke buhunan dabino da kwalayen taliya daga motocin da suka fito daga Aljeriya, akwai mai baro da ɗan ga-ruwa, akwai kuma yarinya mai talla da ke bin mota a guje don ta karɓi kuɗinta kafin direba ya ja. Aikin da zuciya da huhun waɗannan bayin Allah ke yi ba shi da wani bambanci da na mai tsere.

A kan wannan ne ake yawan samun saɓani a gida da kasuwa. Uwa tana cewa ɗanta ya rufe hanci kada ƙura ta kama masa ƙirji, shi kuma yana cewa takunkumi shaƙe shi yake yi, yana rage masa gudu. Har ma akwai masu cewa yana mayar wa mutum da gurɓatacciyar iskar da ya fitar ta zama guba a jininsa. Tun da maganar ta shafi lafiyar 'ya'yanmu da ta masu ɗauke mana kaya, kuma shi kansa takunkumin haja ne da wasu daga cikin masu karatunmu ke sayarwa, mun ga ya dace mu bi diddigin abin da masana suka gano, sannan mu auna shi da halin da ake ciki a garuruwan yuraniyom.

Abin da ke faruwa a ƙirjin mai gudu

Baligi idan yana zaune yana hutawa, iskar da yake shaƙa a minti guda ba ta wuce lita 6 zuwa 8 ba, wato ba ta kai rabin jarka mai lita 20 ba. Amma da zarar ya zuba a guje iya ƙarfinsa, abin kan haura lita 100 a minti, wato jarka biyar ko fiye. Hanci ba ya iya ɗaukar wannan lodi shi kaɗai, shi ya sa za ka ga mai gudu ya wangale baki. To a nan gizo ke saƙar, domin a cikin hanci akwai gashi da majina waɗanda ke tare ƙura kafin ta gangara, shi kuwa baki ba shi da wannan rariya. Ke nan wanda ke gudu a cikin hazo yana kwasar ƙurar da ta ninka ta wanda ke zaune a rumfa fiye da sau goma, kuma tana shiga can cikin huhunsa.

Shi kuma takunkumi, me yake yi wa wannan iska? Kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ce, wadda ita ce jiki ke buƙata, sannan muna fitar da iskar kabon. Ƙwayoyin waɗannan iskoki biyu ƙanana ne ƙwarai da gaske, suna ratsa ƙyalle kamar yadda iska ke ratsa gidan sauro. Da a ce takunkumi na tara guba a jini, da likitoci masu tiyata, waɗanda ke shafe sa'o'i suna tsaye da shi a fuska, su ne za su fara faɗuwa.

Abin da takunkumi ke yi shi ne ƙara wa numfashi nauyi. Iyayenmu mata masu koko da kunu za su fi kowa fahimtar wannan. Idan ana tace gasara da ƙyalle, aka riƙa zubawa a hankali, sai ta yi ta wucewa ba tare da wata matsala ba. Amma idan aka juye bokiti guda a lokaci ɗaya, sai ƙyallen ya cika ya tsaya, sai an matsa da hannu. Haka abin yake ga numfashi. Mai tafiya a hankali ba ya jin komai, amma mai gudun tsere da ke neman jarka biyar ta iska a minti guda, dole naman ƙirjinsa ya ƙara aiki kafin ya jawo ta.

Abin da bincike ya nuna

Da cutar korona ta ɓarke a shekarar 2020, wadda aka tabbatar da shigarta Nijar a watan Maris na shekarar, masana a ƙasashe da dama sun duƙufa wajen gwada wannan magana a kan mutane masu ƙoshin lafiya.

A jami'ar Saskatchewan da ke ƙasar Kanada an ɗauki matasa 14, maza da mata, aka ɗora su a kan keken motsa jiki irin wanda ake girkewa a wuri guda, aka ce su yi ta tuƙawa har sai ƙarfinsu ya ƙare. Kowannensu ya yi gwajin sau uku: sau ɗaya ba takunkumi, sau ɗaya da na asibiti, sau ɗaya kuma da na ƙyalle. Sakamakon da aka wallafa a shekarar 2020 ya nuna babu wani bambanci na a zo a gani, ko a tsawon lokacin da suka jure, ko a yawan oksijin da ke cikin jininsu.

Sai dai kuma a birnin Leipzig na ƙasar Jamus, wani gwajin da aka yi a kan maza 12 a wannan shekarar ya ba da wani labari na daban. Da suka kai ƙarshen ƙarfinsu, iskar da suke ja ba tare da takunkumi ba ta kai lita 131 a minti. Da takunkumin asibiti ta sauko zuwa lita 114, da mai kauri kuma, wanda ake kira FFP2 ko N95, ta sauko zuwa lita 99. Mutanen sun koka da zafi da kuma nauyin numfashi, musamman da mai kaurin.

Gwajin da ya fi kusa da maganarmu shi ne wanda aka yi a jihar Texas ta Amurka aka wallafa a shekarar 2021, domin shi a kan gudu aka yi shi. Matasa 31 'yan shekara 18 zuwa 29 ne suka hau injin gudu, ana ƙara masa sauri da tudu har sai mutum ya ce ya gaji. Da takunkumin ƙyalle a fuska, lokacin da suka iya jurewa ya ragu da kashi 14 cikin ɗari. Ma'ana, wanda ke iya kai minti 10 zai tsaya ne a wajen minti 8 da rabi.

Mai karatu zai iya tambaya, to wanne za mu ɗauka? Idan aka haɗa su wuri guda, darasin a fili yake. Ga mai lafiya da ke tafiya ko sassarfa ko aiki matsakaici, takunkumi ba ya rage masa wani abin kirki, illa dai ɗan takura. Ga wanda ya kai maƙurar gudunsa kuwa, yana iya rage masa, kuma gwargwadon kaurin takunkumin da yadda ya kama fuska, gwargwadon ragin. Ke nan saurayin da ya ce takunkumi na rage masa gudu bai yi ƙarya ba, amma wanda ya ce guba yake tarawa a jinin mai lafiya ba shi da hujja.

Akwai kuma maganar zufa, wadda ta fi shafarmu fiye da Turawan da aka yi gwajin a kansu a cikin ɗakuna masu sanyi. A Arlit zafi kan haura digiri 40 a watannin bazara. Takunkumin da ya jiƙe da zufa yakan manne a baki da hanci, ƙofofinsa su toshe, numfashi ya ƙara nauyi. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2020 cewa kada a sa takunkumi a lokacin motsa jiki mai tsanani, a maimakon haka a ba juna tazara.

Su ma manyan 'yan tsere na duniya sun sha fuskantar irin wannan zaɓi. A shekarar 2008 shahararren ɗan tseren nan na ƙasar Habasha, Haile Gebrselassie, wanda a lokacin shi ke riƙe da kambun duniya na gudun yada-ƙanin-wani, ya ƙi shiga wannan tsere a gasar Olamfik ta birnin Bejin saboda yana da asma kuma yana tsoron gurɓatar iskar birnin, ya tsaya a tseren mita 10,000. Bai ce zai ɗaura ƙyalle ya shiga ba, janyewa ya yi, tun da dai da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ƙurar Arlit ba irin ta ko'ina ba ce

Duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a cikin iska mai tsabta, kuma tambayar da suka amsa ita ce ta sauri da juriya. Mutumin Arlit yana da tambaya ta biyu wadda ta fi wannan nauyi: me ke cikin iskar da nake ja?

Arlit gari ne da ma'adini ya haifa a tsakiyar hamada, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas. An kafa kamfanin SOMAIR a shekarar 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971 daga manyan ramuka da ke buɗe a sarari. An kafa COMINAK a 1974, ya fara aiki a 1978 a ƙarƙashin ƙasa, a zurfin kimanin mita 250, kuma saboda shi ne garin Akokan ya tsiro. Shekara da shekaru kamfanin Faransa, wanda aka sani da Areva kafin ya koma Orano a 2018, shi ne babban mai hannun jari a cikinsu. An rufe COMINAK a ranar 31 ga Maris 2021, sannan a watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta sanar da mayar da SOMAIR mallakin ƙasa.

Sai dai sauya mai kamfani ba ya kwashe abin da aka riga aka jibge. Bayan an niƙa dutse an tace yuraniyom, dusar da ta rage ba ta rabuwa da tururin nan mai cutarwa da ido ba ya gani, wanda masana ke kira radiyeshan. A wurin COMINAK kaɗai an tara kimanin tan miliyan 20 na wannan dusa a filin da ya kai hekta 120, 'yan kilomitoci daga gidajen jama'a. Kamfanin ya sanar a lokacin rufewar cewa zai lulluɓe tudun da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita 2, yayin da cibiyar CRIIRAD ta Faransa, mai zaman kanta, ta yi ta jan kunne cewa muddin yana buɗe, iska na iya kwasar ƙurarsa.

Wannan ƙorafi ba sabo ba ne. Almoustapha Alhacen, wanda ya yi aiki a SOMAIR, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man a shekarar 2002 bayan ya ga yadda rashin lafiya ke kama abokan aikinsa, kuma fafutukar da ya yi ta sa aka ba shi lambar yabo ta Nuclear-Free Future a 2017. Da taimakon ƙungiyarsa ne masanan CRIIRAD suka zo Arlit a watan Disambar 2003, inda suka tarar da ƙarafan da suka gurɓata da wannan tururi ana sayar da su a kasuwa. A watan Nuwambar 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wasu wurare a titunan Akokan ta samu tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500, abin da ya sa kamfanin ya je ya kwashe ƙasar wuraren. Shi dai kamfanin ya sha nanata cewa abin da ke isa ga mazauna gari bai wuce ƙa'idar da doka ta gindaya ba. 'Yar ƙasa Amina Weira, wadda mahaifinta tsohon ma'aikacin ma'adinin ne, ta yi fim a kan wannan batu a 2016, kuma iska da ƙura ne suka mamaye shi.

Ko da an ajiye maganar yuraniyom a gefe, ita ƙurar dutse da kanta cuta ce. Garin duwatsu mai laushi idan ya daɗe yana shiga huhu yakan bar tabo wanda ba ya warkewa, cutar da likitoci ke kira silikosis, kuma mai ita ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu da suka raja'a ga neman zinariya tun da aka gano ta a Jado da Cibarakaten a 2014, musamman masu aiki a bakin injin niƙa dutse. Bugu da ƙari, busasshiyar iskar hunturu da ƙurarta na fasa fatar cikin hanci da maƙogwaro, kuma a irin wannan lokaci ne cutar sanƙarau ta fi yaɗuwa a ƙasashen Sahel.

Rawani, mayafi da takunkumi

Kakanninmu ba su jira Bature ya koya musu rufe hanci ba. Rawanin Abzinawa da amawalinsa, da mayafin da mace ke ja ta rufe fuska idan guguwa ta taso, duk dabaru ne da hamada ta koyar, kuma suna aiki wajen tare rairayi da ƙurar da ido ke gani. Amma ƙurar da ta fi illa ita ce wadda ba a gani, wadda kaurinta bai kai ɗaya bisa ashirin na silin gashi ba. Ita wannan tana ratsa saƙar yadi, ta wuce hanci da maƙogwaro ta je ta zauna a ƙarshen huhu.

Shuɗin takunkumin asibiti an yi shi ne don ya tare feshin yawu da majina daga bakin wanda ya sa shi. Yadinsa na tacewa, amma ba ya kama fuska, don haka iska na bi ta gefen kumatu da saman hanci ta shiga da ƙurarta.

Wanda aka ƙera musamman domin ƙura shi ne mai kauri, wanda za a ga an buga masa N95 ko FFP2 a jiki. Na farko ma'aunin Amurka ne, yana nufin yana tace aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyi, na biyu kuma ma'aunin Turai ne, kashi 94. Sharaɗinsa shi ne ya kama fuska tsam, a matse ƙarfen da ke kan hanci, kada a bar kafa. Mai gemu ya sani cewa gashi na buɗe masa hanya ta gefe, don haka kariyarsa na raguwa. Akwai irinsa mai ɗan murfin roba a gaba wanda ke buɗewa idan an fitar da numfashi. Wannan ya fi sauƙi ga mai aikin ƙarfi a cikin ƙura, amma ba ya kare mutanen da ke kusa idan mai shi na ɗauke da cutar numfashi.

To ga inda taura biyu ba ta taunuwa: takunkumin da ya fi tare ƙura shi ne kuma ya fi nauyaya numfashi. Wanda ba ya takura wa mai gudu ko kaɗan, to ƙurar ma ba ya takura mata.

Wajibi ne kuma mu faɗi abin da takunkumi ba ya iyawa, kada wani ya ɗaura ya saki jiki. Ba ya tare tururin da ke fitowa daga gurɓataccen ƙarfe ko dutse, domin wannan yana ratsa tufafi da fata. Haka nan ba ya tare iskar radon, wadda ke tashi daga ƙasa mai yuraniyom, ba ta da launi ba ta da wari, kuma ita ce ke bin bayan taba sigari wajen haddasa kansar huhu. Maganin waɗannan shi ne a guji sayen ƙarafa da bututu da yadudduka da ba a san daga inda suka fito ba, balle a ƙera tukunya ko a yi rufin ɗaki da su, kada a yi gini ko ciko da ƙasar wurin ma'adini, sannan a bar tagogi iska na ratsa ɗaki a ranakun da gari ya yi garau.

Shawara ga masu gudu

Saurayin da ke neman sauri da juriya, a ranar da gari ya yi haske ba ya buƙatar komai a fuskarsa. Ya fita da sassafe kafin iska ta tashi kuma kafin manyan motoci su fara tayar da ƙura, ya kauce wa gefen babbar hanya, ya kuma nisanci ɓangaren da tuddan ma'adini suke, musamman idan iska daga can take busowa. Idan ya tashi ya tarar hazo ya rufe gari har ba a hangen nesa, to ranar ta hutu ce, ko ya yi motsa jikinsa a cikin ɗaki. Fashin kwana ɗaya ko biyu ba ya zubar da horon wata uku. Idan kuwa fitar ta zama dole, ya sa mai kauri ya yi sassarfa kawai, ya bar gudun tsere sai gari ya washe.

Muna kuma jan hankalin iyaye game da wani baƙin takunkumi na roba mai tsada da ake talla a intanet, wai yana sa mutum ya zama kamar wanda ya yi horo a kan tsaunukan Habasha ko Kenya. Binciken da aka yi a jami'ar Wisconsin da ke La Crosse a Amurka a 2016 ya nuna ba ya kwaikwayon iskar tsauni, abin da yake yi kawai shi ne wahalar da naman numfashi. Kuma ba domin tace ƙura aka yi shi ba.

Shawara ga 'yan kasuwa

Ɗan dako da mai baro ba su da gatan cewa yau akwai hazo ba za su fita ba, domin abincin gidansu na cikin fitar. Su ne suka fi kowa buƙatar takunkumi nagari, kuma akasarin aikinsu bai kai maƙurar da zai hana su numfashi ba. Abin da ya rage shi ne iyayen gidansu su tausaya. Alhaji, idan an zo sauke siminti ko gawayi ko garin fulawa, ka sa kuɗin takunkumi a cikin lissafin sauke kaya, kuma kada ka tsaya a kansu kana azalzala. Wanda ya rufe hanci dole ya rage sauri, ya riƙa fita gefe yana cirewa yana shan iska da ruwa. Idan ya jiƙe ko ya yi baƙi ko igiyarsa ta saki, a sauya shi. Shi mai kauri ba a wanke shi, domin ruwa da sabulu na kashe ƙarfin tacewarsa. Na ƙyalle kuwa a wanke shi kullum a shanya a rana, tun da dai da babu gara ba daɗi.

Hajiya mai rumfa, kafin ki sa yarinya shara, a yayyafa ruwa ko da wanda aka wanke kwanuka da shi ne. A rufe abincin sayarwa da tulun ruwa. Idan guguwa ta taso a shigar da goyo ɗaki, kada a danne fuskar jariri da zani mai kauri, kuma ba a ɗaura wa ƙaramin yaro takunkumi, domin ba zai iya cirewa ba idan numfashi ya gagare shi. Mai asma ko ciwon zuciya, da mai juna biyu da cikinta ya tsufa, su tuntuɓi likita kafin su yi aikin ƙarfi da mai kauri a fuska. Duk wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji ko ganinsa ya dushe, ya tsaya nan take ya cire ya nemi inuwa. Tarin da ya wuce mako biyu kuma na asibiti ne, ba na mai shagon magani ba.

Ku kuma masu sayar da takunkumi, amana ce a hannunku. Tun zamanin korona jabu ya cika kasuwannin duniya. Ku duba lambar da aka buga a jiki da sunan kamfanin da ya yi, ku ajiye kayan a cikin ledarsu nesa da rana da ƙura, kuma idan mai niƙa dutse ya zo saye kada ku miƙa masa shuɗin asibiti ku ce duk ɗaya ne. Araha ba ta ado, balle a kan huhun mutum.

A ƙarshe, ba daidai ba ne a bar wa talaka da ɗan ƙyallensa nauyin da ya rataya a wuyan hukuma. Tun da SOMAIR ya koma hannun ƙasa, alhakin lulluɓe tuddan dusa, da yayyafa ruwa a hanyoyin manyan motoci, da auna iskar Arlit da Akokan a kai a kai a kuma sanar da jama'a sakamakon da harshen da suke ji, ya ƙara komawa kan mahukuntanmu. Shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata suna da bakin da za su tambaya, kuma ya kamata su tambaya. Kafin nan, uwar da ta ce a rufe hanci ranar ƙura tana da gaskiya, ɗan da ya ce ba a tsere da takunkumi shi ma yana da tasa, sai a duba sararin sama kowace safiya a san wadda za a bi. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya sa albarka a kasuwa, amin.